Kwana uku na farko a birnin da ba ka sani ba

Idan mutum ya dawo daga tafiya aka tambaye shi yaya garin, amsar da zai bayar yawanci tun daren farko ya ƙulla ta. "Mutanensu ba su da fara'a." "Ai bai kai yadda ake zuzuta shi ba." In ka bi diddigi za ka tarar abin da ya gani a daren nan bai wuce layin shige da fice ba, da titin da ya taso daga filin jirgi, da wani direba da suka kasa fahimtar juna, ga shi rabonsa da barcin kirki tun shekaranjiya. Ni a ganina, duk hukuncin da aka yanke wa birni kafin a kwana uku a cikinsa, gajiya da rashin sanin kan gari ne suka yanke shi. Abubuwan da ke ɓata wa baƙo ranar farko kuwa ƙanana ne, sanannu ne, ana iya shan gabansu tun kafin a tashi.

Jiki ne farkon abin da ke yaudarar matafiyi. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, danshinta kuma sau da yawa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Shi ya sa ake sauka da bushewar maƙogwaro da ciwon kai da saurin fushi. Wannan mai sauƙi ne: ruwa, da tashi a ɗan taka a cikin jirgi in tafiyar ta wuce awa 4, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Mai wuyar shi ne rikicewar agogon jiki. Jiki yana gyara kansa da kusan awa ɗaya a kowace rana, don haka wanda ya tsallake bambancin awa 7 yana iya kusan cinye mako kafin ya daidaita. Tafiya gabas ta fi wahala, domin agogon jikin yawancin mutane ya ɗan haura awa 24, tsawaita yini ya fi masa sauƙi a kan gajarta shi.

A nan ne shawarar da aka saba bayarwa, wai ka fita ka sha rana da sassafe, take iya cutar da mutum. Zafin jiki yana sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa wajen awa biyu kafin lokacin da ka saba farkawa. Hasken da ya shiga idonka bayan wannan lokacin yana janyo agogonka gaba, wanda ya shiga kafinsa kuma yana tura shi baya. A ce ƙarfe 6 ka saba tashi, wato lokacin nan naka ƙarfe 4 na asuba ne. Ka tafi gabas da bambancin awa 7: ƙarfe 4 ɗinka ta zama 11 na safe a sabon gari. In ka fita cikin rana da ƙarfe 8 a can, jikinka zai ɗauka dare ne ya tsawaita, ya ja agogon zuwa inda ba ka so, gobe ka fi yau wahala. Abin yi shi ne ka zauna a inuwa ko ka sa baƙin tabarau har zuwa wajen 11, sannan ka fita ka sha haske sosai, kowace rana kuma ka matso da lokacin fitar da kamar awa ɗaya. Mai tafiya yamma nasa ya fi sauƙi, ya nemi hasken yamma ya daure kada ya kwanta da wuri. Barcin rana kada ya wuce minti 30, ka sa ƙararrawa. Kofi kuma yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, wanda aka sha da la'asar shi ne zai hana ido rufuwa da tsakar dare.

Wasu biranen ma tsayinsu ne ke tarbar baƙo. Bogota tana kan mita 2,600 da ɗoriya, La Paz wajen 3,600, filin jirginta na El Alto ya haura 4,000. Daga mita 2,500 zuwa sama, ciwon kai da tashin zuciya da haki sukan zo sa'o'i bayan isowa, ba nan take ba, sai mutum ya ɗora wa abincin da ya ci laifi. Ranar farko a irin waɗannan wurare ta hutu ce. Haka ma tsawon yini: a Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, a Yuni kuma sai bayan ƙarfe 9. Wanda ya je a Disamba da wanda ya je a Yuni, in ka ji labarinsu sai ka rantse garuruwa biyu suke nufi.

Sai ƙofar da aka shiga ta cikinta. Sunan birni a kan tikiti ba ya nufin a birnin za a sauke ka. Beauvais, inda wasu jirage masu araha ke sauka da sunan Paris, ya kai kilomita 80 daga Paris. Hahn da ake laƙaba wa sunan Frankfurt ya haura kilomita 100 daga Frankfurt. Filin Narita yana da nisan wajen kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo, alhali filin Haneda yana kusa. Istanbul tana da filaye biyu, ɗaya a ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma wanda ya rikita su ranar komawa da wuya ya tarar da jirginsa. Haruffa ukun nan da ke kan tikiti, masu nuna sunan filin jirgi, su za ka duba. Sannan ka nemi lokacin tashin jirgin ƙasa ko bas na ƙarshe daga filin, ka ƙara awa ɗaya da rabi a kan lokacin saukarka saboda layi da jiran kaya. In lissafin ya nuna ba za ka same shi ba, ka shirya mota tun daga gida ko ka kwana kusa da filin. In da hali ma, ka zaɓi jirgin da zai sauka da rana. Unguwannin gefen filin jirgi da na bayan babbar tashar jirgin ƙasa kusan a ko'ina su ne mafi rashin kyan gani, kuma su baƙo ke fara gani.

Jami'in shige da fice tambayoyinsa ba sa wuce huɗu: me ya kawo ka, kwana nawa, ina za ka sauka, da me za ka ci da kanka. Amsa gajera yake so, wadda ta yi daidai da abin da ke cikin bizarka. Ka buga adireshin masauki da tikitin komawa a takarda, domin a wasu wuraren an hana taɓa waya a gaban teburin, batir kuma ba shi da amana. Ƙasashe da dama suna son fasfo ya rage masa aƙalla wata 6. Ƙasashen Schengen na Turai nasu sharaɗin shi ne ya kai wata 3 bayan ranar da za ka fita, kuma ya zama an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce. Kwana 90 ɗin da suke ba mai ziyara a cikin kowane kwana 180 ake lissafa su, ana ƙirgawa baya daga ranar da ake ciki, don haka fita da dawowa ba ya sabunta su. Katin rigakafin shawara, inda ake nemansa, sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, amma tun 2016 ba ya ƙarewa har tsawon rai. Wanda kuma ya sayi tikiti biyu daban-daban don araha, ya sani a inda zai sauya jirgi dole ya karɓi kayansa ya sake kai su awo, wato sai ya shiga ƙasar, wato yana iya buƙatar biza. A Amurka ma ko tikiti ɗaya ne, duk mai wucewa sai ya bi ta shige da fice.

Kwastan ba su cika damuwa da tufafi ba. Abinci da magani da kuɗi ne ke jawo magana. Ostireliya da New Zealand suna da tsanani a kan nama da 'ya'yan itace da iri da zuma, har tuffa ɗaya da aka raba a jirgi aka manta a jaka tana iya jawo tara. Dokar mai sauƙi ce: abin da ka bayyana iyakarsa a karɓe, wanda ka ɓoye shi ne laifi. Magani ya fi haɗari. Tramadol da kodin suna buƙatar izini tun kafin a shiga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Japan kuma ta hana wasu magungunan mura da ake saya hannu sake a wasu ƙasashe. Ka bar kowane magani a kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin, ba sunan kamfani kaɗai ba. Tsabar kuɗi daga Yuro 10,000 a Tarayyar Turai, ko sama da Dala 10,000 a Amurka, dole a bayyana. Ba a hana shiga da su ba, shirun ne ke sa a ƙwace.

In akwati bai fito ba, kada ka bar zauren kaya sai ka cike takardar rahoto a teburin kamfanin jirgin ka karɓi lamba. Ɗan sitikan nan da aka manna maka lokacin awo shi ne shaidarka. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama, kayan da suka lalace kwana 7 kake da shi ka kai ƙorafi a rubuce, waɗanda suka makara kwana 21 daga ranar da aka kawo maka su. Saboda haka kaya sawu ɗaya da magani da caja a jakar hannu suke zama. Fawa bank ma dole a jakar hannu, kuma iyakarsa ba tare da izini ba 100Wh ne. Ka ninka lambar mAh da ke jikinsa da 3.7 ka raba da 1,000: mai 20,000 ya zama 74, bai kai iyakar ba, mai 30,000 ya zama 111, sai da yardar kamfanin.

Kuɗi su ne wurin da baƙo ya fi jin an cuce shi, sau da yawa kuma da yatsansa ya danna. Na'urar cire kuɗi ko ta biya da kati za ta tambaye ka: a cire da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake? Na ƙasar da kake za ka zaɓa, kullum. In ka zaɓi naka, mai na'urar ne zai yanka farashin canjin, kuma ba don Allah zai yanka ba. Masu canji na filin jirgi su ma farashinsu ya fi na cikin gari muni, ka canza abin da zai kai ka masauki kawai. Ka lura da rubutun lamba: a Jamus da Faransa waƙafi ne ke raba kuɗi da ƙananansu, 3,50 na nufin uku da rabi, a Jamus kuma 1.200 dubu ɗaya da ɗari biyu ne. A Amurka farashin da ke jikin kaya bai haɗa da harajin saye ba, sai a wurin biya zai ƙaru, a gidan abinci kuma ana sa ran tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin da shi ma'aikacin yake rayuwa. A Japan in ka bar kuɗi a kan tebur, ana iya biyo ka da gudu a mayar maka. A Sweden akwai shagunan da ba sa karɓar tsaba ko kaɗan, a China kuma manhajojin biya ta waya, Alipay da WeChat Pay, su ne suka mamaye ciniki, ga shi Google da WhatsApp ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar. Duk wannan a gida ake shirya masa.

Tikitin mota da jirgin ƙasa kowane birni da nasa tarkon. Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A bas sau ɗaya ake taɓa kati, a jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma da shiga da fita, kuma da abu ɗaya: in ka shiga da kati ka fita da waya, ko da asusu ɗaya ne, na'ura tana ganin tafiya biyu marasa ƙarshe ta caje ka mafi tsada. Berlin ba ta da shinge a tashoshinta ko kaɗan, kowa shiga yake yi abinsa, sai baƙo ya ɗauka tikitin da ya saya ya isa. Bai isa ba sai an tura shi cikin 'yar na'urar da ke buga masa lokaci. Masu dubawa sukan zo da kayan gida, tarar Yuro 60 ce, kuma "ban sani ba" ba ta karɓuwa. Tikitin takarda na jiragen ƙasa na yanki a Italiya shi ma haka.

Wuta kuwa, adafta siffar baki kawai take sauyawa, ba ta taɓa ƙarfin wutar. Turai volt 230 ce, Amurka 120, Japan 100. Cajar da aka rubuta wa 100–240V tana aiki ko'ina, yawancin na waya da kwamfuta haka suke. Dutsen guga ko na'urar busar da gashi ta 120 in ta shiga soket na 230 ƙonewa za ta yi, ta 230 a soket na 120 kuma zafinta wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Ka sauke taswirar birnin a waya yadda za ta buɗe ba data, ka ajiye adireshin masauki da rubutun mutanen garin, domin direba a Bangkok ko Seoul ba lallai ya karanta haruffan boko ba. Lambar gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, a Japan 110 ta 'yan sanda, 119 ta motar asibiti da kashe gobara.

Duk waɗannan an rubuta su a wani wuri. Waɗanda ba a rubuta ba su ne ke sa baƙo ya ce mutanen gari ba su da kirki. An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma a kan titi maganar ta fi zama gaskiya. A Birtaniya da Japan da Indiya da Thailand da Ostireliya mota hagu take bi, wanda ya saba da dama wuyansa da kansa zai juya inda ba mota. A Landan har rubutawa suke yi a ƙasan titi inda za ka duba. A Amsterdam da Copenhagen hanyar kekuna tana manne da ta masu ƙafa, launi ko ɗan tudu ne kawai ya raba su, wanda ya tsaya a kanta yana duba waya zai sha ƙararrawa da harara. A matakala mai tafiya da kanta, Landan dama ake tsayawa a bar hagu ga masu sauri, Tokyo hagu, Osaka kuma, a ƙasa ɗaya da Tokyo, dama.

Gaisuwa ma haka. A Faransa shiga shago ka fara tambayar kaya ba ka gaida mai shagon ba rashin ladabi ne, kuma kusan duk labarin "mutanen Paris masu girman kai" in aka tona daga nan ya samo asali. A jirgin ƙasan Tokyo shiru ake yi, amsa waya abin kunya ne, ba wai fushi suke da kowa ba. Ba'amurke zai yi maka murmushi ya tambayi lafiyarka yana tafiya bai tsaya jin amsa ba. A Rasha kuma yi wa wanda ba ka sani ba murmushi ba dalili ba al'ada ba ce. Ɗaya ba masoyinka ba ne, ɗayan ba maƙiyinka ba. Tazarar da ake bari tsakanin masu magana ita ma ta bambanta, shi ya sa za ka ga ɗaya yana matsowa ɗaya yana ja da baya, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai matsala. A Bulgeriya kaɗa kai na "e" da na "a'a" akasin na yawancin duniya ne. A Thailand ba a taɓa kan mutum, ba a nuna shi da ƙafa, batun sarauta kuma ba na raha ba ne, dokar ƙasar ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki. A Singafo ci ko sha a jirgin ƙasa tara ce.

Ba wanda zai haddace wannan duka, kuma ba a buƙata. Abin da ya fi aiki shi ne minti goma na kallo. Kafin ka shiga layi, ka tsaya gefe ka ga yadda mutum biyar suka yi: ina suka biya, kafin ci ko bayan ci, sun jira an zaunar da su ko sun zauna da kansu, sun cire takalmi a ƙofa ko sun shige. Ka zaɓi ɗan gari wanda shekarunsa suka yi kusa da naka ka kwaikwaye shi, kada ka kwaikwayi wani baƙon.

Agogon gari shi ma sai an koya. Wanda ya sauka Jamus ranar Asabar da dare zai wayi gari Lahadi shaguna a rufe, sai na tashar jirgi da gidan mai. A Sifaniya gidajen abinci da yawa ba sa buɗe kicin na dare kafin ƙarfe 8, mutanen gari kuma sai 9 ko 10 suke ci. Hutun mako a Saudiyya da Masar Juma'a da Asabar ne, Daular Larabawa kuma ta koma Asabar da Lahadi tun 2022. Kwanan wata 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Turai 3 ga Afrilu. Bene na ɗaya a Amurka shi ne ƙasa, a Turai sai ka hau.

Abin takaici, wanda ya fi sakar wa baƙo fuska a ranar farko sau da yawa shi ne mai neman aljihunsa. Wanda ya tare ka a zauren sauka yana cewa tasi, alhali masu lasisi suna layi a waje. Mai ɗaura maka zare a hannu a matakalar unguwar Montmartre ta Paris sannan ya nemi kuɗi. Mai goge takalmi a Istanbul da burushinsa ke faɗuwa a gabanka, ka tsinta masa, ya ce sai ya goge maka don godiya, a ƙarshe ya yanka farashi. Mai tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, a Bangkok da zai ce fadar sarki a rufe take yau, ya kai ka shagon duwatsu masu daraja. Alamarsu ɗaya ce: su ne ke fara zuwa wurinka, a inda baƙi suka taru, da gaggawa. In kai ne ka zaɓi wanda za ka tambaya, mai shago ko ma'aikacin tasha ko uwa mai riƙe da yaro, da wuya ka faɗa hannun banza.

Masanin al'adu Kalervo Oberg ya bayyana a 1960 cewa mai zama a baƙuwar ƙasa yakan bi matakai: ɗoki, sai ƙunci da ganin laifin komai, sai farfaɗowa, sai sabo. Ba kowa ne ke bin su a jere ba, mai ziyarar mako guda ma yana iya gama su a yini ɗaya. Amma dalilin da ya bayar yana nan daram: ƙananan alamun da mutum yake dogara da su ba tare da ya sani ba, yaushe ake gaisawa, yaushe wasa ne yaushe da gaske, duk sun ɓace lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta koma yin aikin da a da ba ta san tana yi ba. Gajiyar da ke kama baƙo da yamma ko bai yi tafiyar kirki ba, daga nan take.

Don haka ranar farko kada ka ɗora mata komai sai abu uku: layin waya, katin mota, da zagayen ƙafa na unguwar masauki har ka san inda kantin magani da shagon kayan masarufi da tasha mafi kusa suke. Rana ta biyu wuri ɗaya babba ya isa, da safe ko da yamma gwargwadon inda agogon jikinka yake. Rana ta uku ka hau bas na gari, ba na 'yan yawon buɗe ido ba, ka bi shi har ƙarshen layi ka dawo, ka ga inda mutanen da ke yi wa tsakiyar birnin aiki suke kwana. In ka sami wurin shan shayi ko cin abinci da ya yi maka, ka koma can kwana biyu a jere a lokaci ɗaya, ka zauna a kujera ɗaya in babu kowa. Yawanci a zuwa na uku mai wurin zai fara kawo maka abin da ka saba kafin ka tambaya, kuma shi ne mutumin da ya dace ka tambaya wace unguwa ce ba a bi da dare.